Shaidar Mai Yankan Ciyawa

Ni ne Emrys, mai yankan ciyawar filin ƙwallo a Corwen.
Shekara talatin da ɗaya ina zana farin layi
kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Berwyn.
Ban taɓa taka kotu ba sai ranar Talata.

Suka miƙo littafi, na ɗora hannu,
hannun da igiyar raga ta cinye wa laushi.
Alƙaliya ta sauke tabarau kan karan hanci:
"Faɗi abin da ka gani, ban da ƙarin gishiri."

Na ce da magariba ne, ana yayyafi,
an kashe fitilun fili, samari uku ba su tafi ba.
Ƙwallonsu ba ya tashi, ba ya dawowa,
sai wani sauti, tim,
kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma.
Na haska tocila.
Ƙwallon yana da hanci.

Bushiya ce.
Ta dunƙule yadda ta gada,
ta amince da ƙayar da ke korar kare,
ba ta san takalmi mai ƙusa ba.
Na naɗe ta a hulata, ba ta kai nauyin burodi ba.
Nerys, likitar dabbobi, ta bi haƙarƙari da yatsa,
ta girgiza kai, ta jawo allura.
Ban tambaye ta komai ba.

A bakin matakala uban ɗayansu ya tare ni:
"Ta wa ce? Wa ya saya? Wa ya yi asara?
Da tunkiya ce sai in biya mai ita.
A kan abin da ke kwana cikin shara
za ka shafa wa ɗana baƙin fenti?"
Bakina ya yi nauyi. Na san shi tun yana rarrafe.

Magatakarda ya karanta dokar a hankali,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa:
ba shuri, ba duka, ba suka,
ba ƙonawa, ba jifa, ba nutsarwa a ruwa
don kawai a ga halitta tana shan azaba.
Na ce a raina, ashe wani ya zauna a ɗaki mai ɗumi
ya ƙirga hanyoyin da hannu ke lalacewa.
Kowace kalma a takardar nan
wata dabba ce ta biya kuɗinta.

Ga abin da ban faɗa wa kotu ba.
Ina shekara goma sha ɗaya, a bayan coci,
ni da Idwal, da zomon da waya ta riƙe wa ƙafa,
da duwatsu cike da aljihu.
Ba wanda ya karanta mana takarda.
Babana ma dariya ya yi, ya ce na iya saiti.
Zomo yana kuka irin na jariri,
wanda bai ji ba gara kada ya ji.
Shekara sittin, bai gama kukan ba.

Aka ci su tara, aka ɗora musu aikin gari.
Biyu sun fita suna tura hannu a aljihu.
Ƙaraminsu, Rhodri, ni aka turo wa,
ranar Asabar, yana kallon takalmansa.
Ban yi masa wa'azi ba, ina na ga bakin yi?
Na ba shi zarto, na nuna gindin shinge:
"Huda nan, faɗin tafin hannu, kowane taku ashirin."
Bai tambayi ko ƙofar wa ba ce.
Ya yi bakwai, ta huɗun ta karkace.

Yanzu ina barin ciyawar bayan raga ta yi tsawo.
Kwamitin kulob ya aiko takarda sau biyu.
Jiya da asuba, a kan farin layin da bai bushe ba,
na ga sawu ƙanana, yatsu biyar-biyar,
sun ratsa fili ta tsakiya,
ba su nemi izinin alƙalin wasa ba.